CIWON ƘUGU MAI SAUKA ƘAFA

Kalmomin da za mu koya: ƙugu, laka, jijiya, guringuntsi, gammo, alama, allura, rigakafi.

1. Wane Ciwo Ne Wannan?

Jama'a, darasinmu na yau a kan wani ciwo ne wanda da wuya a sami garin da babu mai fama da shi. Mutum yana gona, ya sunkuya zai ɗauki dami, sai ya ji wani abu ya soke shi a ƙugu. Ko kuwa mace tana jan guga a bakin rijiya, ta juya za ta juye ruwa, sai bayanta ya riƙe. Kashegari ciwon ya bi ɗuwawu, ya gangara ta bayan cinya, ya wuce gwiwa, ya kai sha-raɓa. Wani lokaci har yatsun ƙafa yake kaiwa. Galibi ƙafa ɗaya yake kamawa.

Wani ya ce yana ji kamar an ɗora masa garwashi. Wani ya ce kamar minjirya ce ta ja shi. Wani kuma ya ji kamar tururuwa suna yawo a ƙafar. In ya yi tari ko atishawa, ciwon ya harba. In ya daɗe a zaune, ya ƙaru. Likitoci suna kiran wannan ciwo sayatika. Ya fi kama mutane masu shekara 30 zuwa 50, watau waɗanda suke riƙe da gida.

Ba safai ciwon nan yake kisa ba, amma yana iya cinye wa mutum damina. Mun sha ganin magidanci ya kwanta lokacin noman farko, ciyawa ta cinye gona, ya sayar da akuya don neman magani, daga baya ya buɗe rumbu. To, yawancin wannan asara ana iya kauce mata, in an san abin yi.

2. Daga Ina Yake Tasowa?

Duk wanda ya taɓa feɗe rago ya san ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne aka jera, wani a kan wani. Na mutum guda 33 ne. Guda 5 da suke daidai ƙugu su ne manya, gama su ne suke ɗauke da nauyin jiki.

Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani faifan guringuntsi. Aikinsa kamar na gammo ne, wanda muke sawa a ka kafin mu ɗauki tulu. Bayan wannan gammo yana da tauri, cikinsa kuwa da taushi. Ta cikin ƙasusuwan nan akwai rami, nan laka take bi daga kai zuwa ƙasa.

Jijiya iri-iri ce. Akwai mai ɗaukar jini. Akwai kuma mai kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, kamar yadda waya take kai magana daga gari zuwa gari. Masu kai saƙon nan daga laka suke fitowa. A ƙasan baya, saiwoyi 5 suna haɗuwa a kowane gefe su zama jijiya ɗaya. Ita ce mafi girma da tsawo a jikin mutum, kaurinta ya kusa na babban yatsa. Tana ratsa ɗuwawu, ta bi bayan cinya, ta rabu biyu kusa da gwiwa, rassanta su tafi har tafin ƙafa.

To, in gammon nan ya gaji, ko aka matsa shi da nauyi, sai ya tsage kaɗan, cikinsa ya bulluƙo ya danne saiwar jijiya, wurin ya kumbura. Cikin mutum 10 masu wannan ciwo, wajen 9 abin da ya same su ke nan. A shekarar 1934 ne wasu likitoci biyu a birnin Boston na Amurka, Mixter da Barr, suka bayyana wa duniya wannan dalili a fili. Ga tsofaffi kuwa, wani lokaci ƙashin ne yake lalacewa da shekaru, hanyar jijiyar ta ƙuntata.

Mu dubi lambu. In aka toshe hanyar ruwa daga sama, fangalin da yake can ƙasa ne zai yi yaushi. Mai hankali ba zai tsaya yana tonon fangali ba, sai ya hau inda aka toshe. Haka wannan ciwo yake. A ƙafa ake jinsa, amma tushensa yana ƙugu. Saboda haka ba wai mutum ya taka asiri ba ne, ba kuma maƙwabci ne ya jefe shi ba. Kada ciwon baya ya raba mu da 'yan'uwa.

Ga abin farin ciki. Allah ya yi jiki da ikon gyara kansa. Sannu a hankali kumburin yakan saɓe, abin da ya bulluƙo ya motse. Yawancin mutane sukan sami sauƙi cikin mako 4 zuwa 6. Wasu sai sun kai wata 3. Kaɗan ne ƙwarai suke bukatar a yi musu aiki a asibiti.

3. Misalin Manoma Biyu

Bari mu kawo misali. A ce ga manoma biyu a ƙauye ɗaya, ciwon nan ya kama su rana ɗaya.

Na farko ya shimfiɗa tabarma ya kwanta, ya ce ba zai motsa ba sai ya warke. Ya yi mako 3 a kwance. Aka kira mai allura na kasuwa, aka kira wanzami ya tsattsaga masa sha-raɓa. Ran da ya yunƙura zai tashi, sai ya tarar bayansa ya sandare, ƙafafunsa ba ƙarfi, ga kuma miki a inda aka tsaga.

Na biyu ya huta kwana 1 ko 2, lokacin da ciwon yake tsanani. Sa'an nan ya ɗauki sanda ya fara takawa daga ɗaki zuwa zaure. Bayan kwana kaɗan ya kai masallaci. Mako na biyu ya kai bakin gona, yana duba yara suna aiki. Ciwon bai bar shi ba tukuna, amma kullum yana raguwa.

Wanne ne zai riga komawa aiki? Na biyu ne. A da, har likitoci sukan ce mai ciwon baya ya kwanta mako biyu ko fiye. Da aka gwada aka duba, sai aka ga doguwar kwanciya ba ta sa a warke da sauri, sai dai ta raunana jiki. Yanzu shawarar likitoci ita ce: a huta kaɗan, a yi ta motsi gwargwadon hali. Wannan shi ne kan darasinmu, mu riƙe shi da kyau.

4. Abin Da Za Mu Yi A Gida

Na 1. Tafiya. Mu taka kaɗan kaɗan a wuri mai laushi, ba tudu ba gangare. Mu fara da minti 5, sau da yawa a yini. Kullum mu ƙara kaɗan. In an ji ɗan ciwo ana tafiya, wannan ba ya nuna ana ɓata jijiya. Sannu ba ta hana zuwa.

Na 2. Kada a daɗe a zaune. Masaƙi da tela da maɗinkin hula da mai tireda, kowa ya riƙa miƙewa bayan kamar rabin sa'a, ya ɗan zaga. Kujera mai ɗan tsawo da wurin jingina ta fi kujerar tsugunno. A naɗe zane a sa a bayan ƙugu. Doguwar tafiya a kan babur ko jaki a hanya mai gargada, a dakata da ita tukuna.

Na 3. Gasawa. A tsoma tsumma cikin ruwan ɗumi, a matse, a ɗora a ƙugu da ɗuwawu minti 15 zuwa 20, sau 2 ko 3 a yini. Ana iya ɗumama yashi mai tsabta a ƙulle cikin zane. Amma a lura. Fatar da ta mutu ba ta jin zafi, tana iya ƙonewa mai ita bai sani ba. Sai mai jinya ya fara gwadawa a bayan hannunsa. Kada a yi barci da abin gasawa a jiki.

Na 4. Kwanciya. In a gefe ne, a lanƙwasa gwiwoyi kaɗan, a sa matashi a tsakaninsu. In rigingine ne, a sa matashin a ƙarƙashin gwiwoyi. Sa'ad da za a tashi, a fara mirginawa gefe, sa'an nan a dafa ƙasa da hannu a tashi. Kada a zabura.

Na 5. Miƙa jiki. In zafin ya ɗan lafa, a kwanta rigingine, a kafa tafin ƙafa a ƙasa. A kama gwiwa ɗaya da hannu biyu, a jawo ta wajen ƙirji a hankali, a ƙidaya 20, a saki. A yi wa ɗayar haka. Wasu kuma sun fi jin daɗin su kwanta rub da ciki, su dogara da gwiwar hannu na ɗan lokaci. Ga yadda za mu gane wanda ya dace da mu. In ciwon ya janye daga ƙafa ya koma wajen ƙugu, alamar alheri ce, a ci gaba. In ya ƙara gangarawa ƙasa, a bar wannan motsi.

Na 6. Salla. Wanda ruku'u da sujada suka gagare shi, addini ya yi masa sauƙi, yana iya yin salla a zaune. Ya tambayi liman yadda ake yi.

Na 7. Taimakon juna. Wanda ciwon nan ya kama da damina, hankalinsa yana gona, damuwa kuwa tana ƙara ciwo, tana hana barci. 'Yan'uwa da maƙwabta su yi masa gayya. In matar gida ce, a ɗauke mata daka da ɗebo ruwa da itace na 'yan makonni. Kada a ce lalaci ne don ba a ga rauni a jikinta ba.

5. Maganar Ƙwayoyi

Babu ƙwayar da take mayar da gammon baya wurinsa. Aikin ƙwaya shi ne ta rage zafi, don mutum ya iya takawa, ya iya barci.

Akwai farasitamol. Babban mutum yana shan ƙwaya 2 masu lamba 500, sai bayan aƙalla sa'a 4 ya sake. Kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da dare, gama yawansa yana lalata hanta. Wani yana jin sauƙi da shi, wani ba ya ji sosai.

Akwai kuma ibufurofen da dikulofenak, masu rage kumburi. Bayan cin abinci ake shansu, na 'yan kwanaki kaɗai, kuma ɗaya ake zaɓa, ba a haɗa su. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai ciwon zuciya ko hawan jini, da mai asma, da mace mai ciki, da tsoho, kada su sha sai sun tambayi malamin asibiti. In bayan gida ya koma baƙi ƙirin, ko aka yi aman jini, a bar shansu nan take, a tafi asibiti.

Yanzu da muka iya karatu, kada mu haɗiyi abin da ba mu karanta sunansa ba. Mu dubi suna, mu dubi lamba, mu dubi ranar da maganin zai lalace. Wannan yana cikin amfanin zuwa aji.

6. Abubuwan Da Za Mu Guje Wa

Allurar kasuwa. Babbar jijiyar nan ta cikin ɗuwawu take bi. Ma'aikacin da ya koyi aiki ya san inda ake sa allura don a kauce mata. Wanda bai koya ba yana iya soke ta, ƙafar ta shanye, wani lokaci har abada. Yara ƙanana da ramammu su suka fi shiga wannan hatsari. Kada mu miƙa jikinmu ko na 'ya'yanmu ga wanda bai san aikin ba.

Tsaga da sakiya. Mun riga mun ga tushen ciwon yana can cikin ƙugu, inda aska da ƙarfe mai zafi ba sa kaiwa. Abin da suke bari sai miki. Askar da aka yi wa mutane da yawa aiki da ita tana ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau daga wani zuwa wani. Miki mai datti kuma yana jawo ciwon sarƙe-haƙora.

Taka baya da fizgar ƙafa. Ɗan tausa a hankali da man kaɗanya ba laifi, yana sassauta nama. Amma kada wani ya hau bayan majiyyaci, kada a fizge ƙafarsa da ƙarfi wai za a gyara targaɗe.

Haɗin ƙwayoyi a leda. Mai talla yakan ƙulla ja da fara da rawaya, ba suna, ya ce maganin gajiya ne. Ba mu san abin da yake ciki ba. Haka nan taramol: yana sa maye, yana kama mutum har ya kasa bari, yana kuma jawo farfaɗiya. Sai likita ne yake da ikon ba da shi.

7. Alamun Hatsari

Wannan sashe mu karanta shi sau biyu, mu kuma karanta wa mutanen gida. Akwai lokacin da jinyar gida ba ta isa ba. In aka ga ɗaya daga cikin alamun nan guda 4, a nemi mota a tafi babban asibiti a ranar, ko da dare ne:

1. Fitsari ya ƙi fita, ko fitsari ko bayan gida yana zuba mutum bai sani ba.
2. Fata ta mutu a tsakanin cinyoyi da gaba da dubura, watau wurin da yake taɓa sirdi in an hau doki.
3. Ciwon ko mutuwar jikin ya kama ƙafa biyu.
4. Ƙafar tana ta rasa ƙarfi, tana jan ƙasa, takalmi yana suɓucewa, mutum ba ya iya ɗaga yatsunsa.

Waɗannan suna nuna an danne jijiyoyi ƙwarai. In aka yi aiki da wuri ana iya ceto su. In aka yi jinkiri, ko na kwana 1 ko 2 ne, mutum yana iya rasa ikon riƙe fitsari da bayan gida har ƙarshen ransa. Mun san maganar tana da nauyin faɗa, musamman ga mata da dattawa. Amma kunyar minti ɗaya ta fi wahalar shekaru sauƙi. Miji ya tambayi matarsa, mata ta tambayi mijinta.

Akwai kuma waɗansu alamun da suke bukatar a ga likita ba tare da ɓata lokaci ba:

5. Ciwon ya fara ne bayan faɗowa daga itace ko soro, ko hatsarin babur.
6. Akwai zazzaɓi, ko gumin dare, ko rama, ko tari mai daɗewa, ko wani ƙullutu ya fito a gadon baya. Tarin fuka yana iya cin ƙashin baya, akwai kuwa maganinsa a asibiti.
7. Ciwon ba ya lafawa ko an kwanta, ya fi tsanani da dare.
8. Sha-raɓa ta kumbura, ta yi zafi, musamman ga mai jego. Wannan yana iya zama gudan jini ne a jijiyar jini, ciwo ne dabam mai hatsari.
9. Majiyyacin yaro ne, ko mai sikila, ko wanda aka taɓa samu da ciwon daji.
10. An yi mako 6 babu sauƙi, ko kuwa ciwon ƙaruwa yake yi.

Mace mai ciki in ta ji irin wannan ciwo, ta faɗa wa ungozoma a wurin awo, kada ta sayi magani da kanta.

8. Rigakafi Ya Fi Magani

Wanda ya warke, ciwon yana iya dawo masa. Saboda haka a koma aiki da dabara. A fara da aiki mara nauyi, kamar shuka da tsinkar wake da kiwo, kafin a koma huɗa.

Sa'ad da za mu ɗauki kaya, mu matsa kusa da shi, mu lanƙwasa gwiwa, mu rungume shi a jiki, mu tashi da ƙarfin cinya. Kada mu murɗa ƙugu da kaya a hannu, mu juya da ƙafafunmu. Buhun hatsi cikakke aikin mutum biyu ne, ko a raba shi, ko a sa a baro ko amalanke. A kira wani ya ɗora mana tulu, ya kuma sauke mana.

Mai noma da fartanya ya riƙa miƙewa a ƙarshen kowace kunya, ya dafa ƙugu ya ɗan gantsare. Mai shara ta ɗaura wa tsintsiya sanda don ta rage sunkuyo. A rijiya mai zurfi a sa ƙaramin guga, ko a ja mutum biyu. Mai shan taba ya bari, gama taba tana sa gammon baya saurin tsufa. Mai ƙiba ya yi ƙoƙarin ragewa. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke.

TAMBAYOYI

1. Ina tushen wannan ciwo yake, a ƙafa ko a ƙugu?
2. Mene ne aikin gammon da yake tsakanin ƙasusuwan baya?
3. Cikin manoman nan biyu, wanne ya riga komawa gona? Don me?
4. Yaya za mu gane motsin da ya dace da wanda bai dace ba?
5. Ƙwayar farasitamol nawa ce ba a wucewa a yini da dare?
6. Me ya sa allurar kasuwa take da hatsari?
7. Faɗi alamu 4 da suke sa a tafi babban asibiti a ranar.

AIKIN RUBUTU

Kowa ya kwafi waɗannan a littafinsa da kyakkyawan hannu:

Tushen ciwon yana ƙugu.
A huta kaɗan, a yi ta takawa.
Ba na shan maganin da ba shi da suna.
In fitsari ya ƙi, sai asibiti yau.

Kafin aji mai zuwa, kowa ya rubuta alamun hatsari guda 4 a takarda da manyan baƙaƙe, ya karanta wa mutanen gidansa, sa'an nan ya manna ta a zaure inda masu shiga da fita za su gani.